Wani Abokina Ne

"Ba ni ba ne fa, Sista, wani abokina ne," in ji Dunoma, direban motar asibiti a Kazaure, yana ta murza hularsa.

Sista Dinatu, nas mai sauraron masu damuwa, ta gyaɗa kai.

"Tun hatsarin hanyar Roni da muka... da suka kwaso mutanen da suka ƙone, ko ƙanshin tsire ba ya son ji. Ƙofa ta buga, sai gabansa ya faɗi."

"Allah sarki. Ka ce masa ya zo ranar Laraba bayan la'asar."

Ranar Laraba Dunoma ya leƙo, wai ya kawo uzurin abokin. Sai ga Toma da Zubair a kan benci, abokan aikinsa masu cika bakin babu abin da ke girgiza su, kowa na kallon takalminsa.

"Ku kuma me ya kawo ku?" in ji Dunoma.

"Wani abokina ne," suka ce a tare.

Dinatu ta rufe ƙofa, ta jawo kujera cikinsu. Ita ce ke bakin aiki ranar da aka kawo mutanen.

"To, wakilai, ku gyara zama, ni zan fara. Wata ƙawata ce, wata uku ke nan rabonta da barcin kirki."