Motar da Ke Sansanar Baki

Tun da aka kafa dokar lafiyar zuciya, mota ba ta tashi sai ta sansano ƙwayar man kifi a numfashin direba. Ran nan Malam Jatau yana azumi, ga matarsa Delu tana naƙuda a kujerar baya.

Ya hura iska sau uku a na'urar sansanar baki ta motar, shiru.

"Malam, haɗiye ka rama daga baya!" in ji Delu.

Ya tsaya jujjuya ƙwayar a tafin hannunsa. Ta fizge, ta fasa da haƙori, ta shafa man a bakin na'urar.

Mota ta tashi, ta ce, "Zuciyarka lafiya lau."

Jatau ya ja motar da hannu ɗaya, ɗayan dafe da ƙirjin da ya kwana bakwai yana sukarsa.