Dukan Barba Zisimos

Naushin farko a ciki Marinos ya sakar wa Barba Zisimos. Tsohon ya duƙe, kofin gahawarsa ya tarwatse a kan dutse, amma ko hannu bai ɗaga ba don ya kare kansa.

Tsakar rana ce a watan Agusta. Jirgin ruwan yawon buɗe ido ya sauke baƙi ke nan a bakin yashi, samari da 'yan mata sun yi jajur kamar an gasa su, kowa da kwalba a hannu. Marinos na sanye da hular kwano ta babur, gilashin a rufe, da baƙar rigar masu tsaron ƙofa mai ɗauke da sunan gidan rawar da yake wa aiki.

Shi ɗan tsibirin nan ne. Da yana yaro, bakin tekun nan kwalekwale ne da taru, kuma Barba Zisimos ne ya koya masa iyo, ya jefa shi ruwa yana dariya. Daga baya wani attajiri daga birnin Atina ya zo ya gina gidan rawa, wasu suka biyo shi. Da farko sai dare ake kiɗa. Bana kuwa tun hantsi lasifika ke girgiza tagogi, mashaya na amai a ƙofar coci. Masunta suka sayar da filayensu, 'ya'yansu suka koma gadi da wanke kofuna, su yi aikin rani su ci shi da hunturu. Ɗan gidan abincin Barba ne kaɗai ya rage a tsakiyar gidajen rawa. Ya kai ƙara har ya gaji. Ya taɓa tsinke musu wayar lasifika da almakashin yankan inabi.

Fotis mai ba da hayar babura ne ya kawo wa Marinos saƙon jiya. Maigida, wato attajirin, ba ya magana da masu gadi baki da baki, aike yake yi.

"Ya ce gobe, in jirgi ya sauke mutane. Ka rufe fuskarka, amma ka sa rigar gidan rawarmu, tsohon ya san daga ina gaisuwar ta fito. A fuska, ka ji? A fuska."

Marinos ya dube shi. Barba ne fa ya riƙe Fotis ranar baftismarsa. Amma rani ya sha raba mutum da ubangidansa a tsibirin nan.

"In na ƙi fa?"

"Sai ya kawo ƙartin Atina. Su ba su san inda ake tsayawa ba."

Shi ya sa ya zo. Ya tarar tsohon ya jawo teburinsa har bakin hanya, yana zaune cikin farar rigarsa ta zuwa coci. Karen nan nasa mai cizo ba ya nan. Matarsa ma tun jiya ta tafi wurin ƙanwarta a kan tudu.

Naushi na biyu ya fasa masa leɓe. Jini ya gangaro kan farar riga. Marinos ya ja da baya, a ransa ya ce ya isa haka.

Tsohon ya tofar da jini, ya ɗago kai. "Iyakarka ke nan, ɗan iska? Abin da ake ciyar da kai a kai ke nan? Kakata ta fi ka hannu."

Idon Marinos ya rufe. Ya tsinke shi da mari, ya haɗa kansa da bakin tebur, da ya faɗi kuma ya bi shi da ƙafa har sai da ya ji ƙashi ya yi ƙara. Wata yarinya ta ƙwalla ihu. Ya waiga, ya ga wayoyi sun fi hamsin a sama, duk suna kallonsa. Ya haye babur ya gudu.

Kafin rana ta faɗi ƙararrawar coci ta fara bugawa ba ƙaƙƙautawa. Mutanen da suka yi shekaru suna haɗiye fushi suka gangaro daga ƙauye da sandunan kaɗar zaitun da jarkokin fetur. Suka farfasa gilasai, suka jefa lasifiku a teku. Baƙi suka watse ba takalma. Aka jawo attajirin daga ofishinsa a ƙasa, yana rantsuwa da ran 'ya'yansa cewa bai aiki kowa ba. Wata tsohuwa ta karya masa hanci da kwalba. Marinos na tsaye cikin taron da wata riga daban, yana kallon rufin ciyawar gidan rawar yana ci da wuta.

Hoton dukan ya zaga ƙasar gaba ɗaya. Hukuma ta turo jami'ai, aka garƙame gidajen rawar bakin yashin tun rani bai ƙare ba. 'Yan sanda suka tambayi Barba ko ya gane wanda ya doke shi, ya ce shi dai hula ya gani.

Marinos ya kasa cin abinci. Da abin ya ishe shi ya hau jirgi zuwa asibitin babban gari. Ya sami tsohon shi kaɗai, ido ɗaya a kumbure, ƙirji naɗe da bandeji. Ya durƙusa a gefen gadon.

"Barba, ni ne. Ni na yi maka haka."

"Na sani, yarona. Tashi, kada a gan ka."

"Ka kira 'yan sanda. Wallahi ba zan gudu ba."

Barba Zisimos ya so ya yi dariya, zafi ya hana shi. Ya miƙa hannu ya kama kunnen Marinos ya murɗe.

"Kai dai ba ka jin magana tun kana ƙarami. Sai da na nanata wa Fotis ya ce maka a fuska, inda jini zai fito a hoto. Wa ya ce ka taɓa min haƙarƙari?"