Kukan Raƙumin Yaƙi

Saran farko a agara, jijiyar bayan ƙafa, ya sauka. Raƙumin ya durƙusa, na matsa da makirufo kusa da bakinsa.

Haɗa sauti ne aikina. Kamfaninmu yana mayar da wani littafin almara wasan kwamfuta, duniyar jan yashi inda raƙuma masu sulken ƙashi suke tattake runduna. Komai ya kammala sai kukan mutuwarsu. Sau tara ina haɗawa, oga yana cewa, “Wannan ai ƙarar ƙofa ce. Ki kawo min na gaske.”

Abin da ya kai ni mayanka ke nan.

Mahauta huɗu suka ja igiya, suka lanƙwasa wuyansa baya. Babbansu ya soka wuƙa a gindin wuyan. Jini mai ɗumi ya yi tsartuwa har fuskata. Raƙumin ya yi ta dukan siminti da ƙafa, amma ko nishi bai yi ba.

“Wannan mai taurin kai ne, ’yar’uwa,” in ji mahaucin. “Ki dawo gobe.”

Ban kai ga kashe na’urar ba wani kuka ya taso a bayana, dogo, mai kauri, yana tsinkewa.

Da oga ya saurara, sai ya shafa hannunsa. “Tsigar jikina ta tashi! Wane irin raƙumi ne wannan?”



Bara wasan ya fito. Duk lokacin da wani ya kashe raƙumi ya sami maki, tsohon da ya tsaya a bayana a mayanka, wanda ya reni raƙumin nan tun yana ɗan taguwa, shi ne yake kuka.