Falle Ɗaya da Ya Tsira Daga Wuta

Shekara arba'in Malama Rashidatu Jiya tana neman wani littafi da ba ta san sunansa ba.

Tana koyarwa a wata firamare a Bosso, a Minna. Ranar Juma'a kafin a tashi, malamai kan zauna gindin mangwaro, kowa ya faɗi abin da yake karantawa, wani a waya, wani a takarda. In hira ta gangaro kan littattafan yarinta, sai ita ma ta kawo nata: labarin wani maƙerin tagulla a Bida, wanda ya ƙera tulu mai riƙe muryar duk wanda ya sha ruwa a cikinsa. Ko mutum ya yi nisa, ko ya rasu, iyalinsa sai su kara kunne a bakin tulun su ji shi.

Mahaifinta, Baba Jiya, makanikin jirgin ƙasa, shi ke karanta musu bayan la'asar, daga wani littafi mai bangon takardar siminti. Yara ba sa taɓa shi, sauraro kawai suke yi. Ya rasu tana 'yar shekara tara, an tsaya daidai inda tulun ya fara tsagewa. Ba ta taɓa jin ƙarshen ba.

“Malama, wannan littafi naka ba shi a duniya,” in ji abokiyar aikinta Rhoda, da irin Hausarta ta Minna. “Na tambaya har Kaduna. Ko dai mafarki ka yi?”

“Ba mafarki ba ne. Ina jin muryar Baba kamar jiya.”

Da daminar bara rufin tsohon ɗakin Baba ya soma yoyo. Ita da ƙaninta Sanda suka jawo akwatin ƙarfensa suka buɗe. Takardu ne maƙil, babu bango, gara ta cinye gefensu, duk rubutun hannu da haruffan Larabci irin na makarantar allo.

“Yaya, mu kai wa wani ya duba mana?” in ji Sanda.

“Ya duba me? Ayoyi ne. Kana so mu bar sunan Allah gara tana ci?”

Ta yi yadda aka saba yi wa tsofaffin takardu masu tsarki. Ta share wuri mai tsabta, ta ƙona su cikin ladabi, ta binne tokar a gindin lemo. Ranar ta wuni da farin ciki, tana ganin ta yi wa mahaifinta hidima.

Bayan wata biyu, tana goge akwatin, sai ta ga falle ɗaya manne a gindinsa. Ta naɗe shi a hankici ta kai wa Malam Ubaidullahi, tsohon tela a unguwar Limawa, aminin mahaifinta, don ya haɗa da takardun masallaci da ake ƙonawa.

Tsohon ya sa tabarau, ya matso bakin ƙofa inda akwai haske. Sai ya yi murmushi.

“Hannun Jiya ke nan. Rubutunsa kamar layin dogo, ba ya karkata.”

“Wace sura ce, Baba?”

“Sura? Wannan ai Hausa ce, 'yata. Ajami ne. Zauna ki ji.”

Ya fara karantawa a hankali, yana bin layin da yatsa: “Da matar maƙerin ta ga tulu ya tsage, sai ta tara tafin hannunta a ƙarƙashinsa, ruwa yana ɗiga, muryoyin mutanen gari suna zuba a hannunta ɗaya bayan ɗaya.”

Shagon da kekunan ɗinkin suka ɓace wa Rashidatu. Tabarma take gani, da ƙafafun Baba, da ƙarar jirgin yamma daga nesa. Kalmomin da ta yi shekara arba'in tana nema a kasuwa, ga su suna fitowa daga bakin tsoho, daga takardar da ta kawo a ƙona.

“Baba, a ina ya kwafo wannan?”

“Kwafowa? Shi ya ƙirƙira. A tasha yake rubutawa in ana jiran jirgi, mu muna yi masa tsiya wai makaniki ya zama malami. Ga ma abin da ya sa a gefe: ‘Domin Rashida, mai tambayar sai me ya faru.’ Ya gama shi kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya kuma rubuta yadda kakanninku suka baro Bida, da waƙoƙin da mahaifiyarku ke yi in tana daka.”

Ya juya fallen. Layin ƙarshe ya ce: “Sai ta ji wata murya da ba ta zata ba, tana cewa,” nan takardar ta ƙare.

Malam Ubaidullahi ya miƙo hannu, fuskarsa cike da ɗoki kamar ta yaro.

“Kawo sauran mu ji. Ina suke?”

Rashidatu ta sunkuyar da kai, tana kallon hankicin da babu komai a cikinsa. Tsohon ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya cire tabarau ya ajiye a kan keken ɗinki.

Mai karatu, niyyar Rashidatu mai kyau ce, tambaya ce ba ta yi ba. Ba duk rubutun da ke da haruffan Larabci ne aya ba, iyayenmu sun rubuta rayuwarsu da ajami. Kafin ka ƙona takardar da ba ka iya karantawa, kai ta wurin wanda ya iya, tun masu iyawar suna raye.