Tuffa Shida da Tukunyar Yashi

Ku 'yan yanzu kunnen ƙashi gare ku. A gaya muku abu sau uku, ku ce ai kun riga kun sani. To ku natsu, ku ji abin da ya sami wata mai irin halinku.

A wani gari na kan dutse, inda sanyi ke barin tuffa ta yi 'ya'ya, an yi wani tsoho da ya yi aikin kuku a gidan Turawa masu haƙar kuza tun yana saurayi. Ya dawo daga asibiti bakinsa ba ɗanɗano. A kawo tuwo ya ture, kunu ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai, kullum sai ramewa. Malamar asibiti ta ce a riƙa ba shi tuffa har da ɓawonta, don tana sassauta ciki, tana wartsake jiki, kuma albarkarta mai yawa a ɓawon take. Sai dai haƙoransa sun daɗe da yi masa sallama. Rannan wani mai lambu ya aiko masa da guda shida. Tsohon ya shinshina ɗaya, ya dubi autarsa ya ce, "Da za a gasa mini ita cikin kwaɓin fulawa yadda nake yi wa Bature, da na ci."

Daga kwance ya tsara mata aikin. Ta yanka siri-siri, kada ta fere. Sukari kaɗan, garin kirfa kaɗan. Ta shimfiɗa kwaɓi a faranti, ta zuba, ta rufe da wani kwaɓin, ta huda samansa. Sannan ta zuba yashi a gindin tukunya, ya yi zafi, ta ɗora farantin, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ya ce, "Yashin nan shi ke koya wa wuta ladabi, kada ki raina shi." Ta ce to Baba. Amma rafi da nisa, ita kuma so take ta ga ubanta yana ci kafin azahar. Ta fere tuffar don ta fi kyan gani, akuya ta samu rabonta na ɓawo. Ta dire farantin a tukunya ba yashi, ta tura itace wuta ta kama ci balbal. Da ta buɗe, ƙasa gawayi, sama ɗanyen ƙullu. Tsohon ya ji ƙauri daga ɗaki, ya juya fuskarsa bango.

Ta hau dutse wurin mai lambu tana share hawaye. Ya ce, "'Yata, na bana sun ƙare, sai huɗu da na bar wa jikokina. Zan ba ki, amma bishiyoyina ƙishi suke ji." Kwana uku tana hawa da tulu daga rafi, kwana uku ubanta na kan kurɓar kunu. A sawu na ƙarshe ba ruwa ta ɗauko ba, yashi ta cika ƙwarya da shi. Ta yanka tuffa da jan ɓawonta, ta zauna gaban murhu kusan awa guda, hannunta na ƙaiƙayin buɗe murfi, ta danne shi da gwiwa. Ƙamshi ya riga ta shiga ɗaki. Tsohon ya tashi zaune da kansa, ya ci yanka ɗaya, ya miƙo hannu. Ya ce, "Ashe dai kin gaji ubanki, sai da kika biya ta kan dutse." Daga ranar bakinsa ya buɗe, har tuwo ya koma nema.

Ita kuwa, tafiyar rafi ɗaya da ta guda ta zame mata talatin, wuyanta ya yi mako bai juyuwa. Ai dama Hausawa sun faɗa: sauri ya haifi nawa.