Fuskar Inna

Tahiru ya kwance kusa ta ƙarshe, ya buɗe cikin kwamfutar, ya hure dattin da ya yi kaka-gida a kan fanka. Sabbin kayan suna gefensa cikin kwali: katin zane mai fanka biyu, wanda 'yan sana'ar ke kira kart girafik, da ƙarin memuwar, wato ƙwaƙwalwar ajiyar na'ura. Matarsa Lubabatu ce ta sa yayanta ya taho da su daga Yamai, ba tare da ta shawarce shi ba. Ya yi godiya har da sa albarka, amma can cikin ransa ya so a ce an manta da kwalin a tasha.

Sana'ar Tahiru ƙera mutane ce a cikin na'ura, masu gaba da baya da gefe, waɗanda ke tafiya suna juya wuya a tallan sabulu da fim ɗin rigakafi. Duk Birni an san shagonsa, an kuma san nawar tsohuwar na'urarsa. In ya ba ta mutum guda ta fitar da shi da launi da inuwa, sai ta yi ta gurnani tun hantsi har la'asar, hoton yana fitowa guntu-guntu.

Ranar da aka yi rasuwa a gidansu can Hamdara ma a gaban na'urar yake zaune, yana jiran wani aikin talla da ya yi alkawarinsa. Ya ce bari ta gama. Kafin ta gama an yi sutura, an kai, an dawo. Ya ce to, gobe da sassafe. Gari ya waye ya rasa idon da zai kalli dangi da shi. Sadakar uku ta wuce, ta arba'in ta bi bayanta, kunyar jiya ta riƙa hana shi tafiyar yau. Ƙanensa Nomau ya kira waya har ya gaji, ya koma aiko da buhun gyaɗa kowace kaka, ba saƙo ba gaisuwa.

Bayan haka aka haifi Wasila. Da ta shiga lakwal, wata rana ta dawo ta ce kowa a ajinsu yana ba da labarin kakarsa, ita yaya fuskar tata kakar take? Inna kuwa, mahaifiyar Tahiru, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Tahiru, da saurin bakin uba mai son burge 'yarsa, ya ce zai ƙera mata ita.

Jiki bai ba shi wuya ba. Ya yi baƙin zanen saƙi, ya yi kaushin diddige, ya yi 'yar karkatar da take yi in ta ɗauko ƙwarya. Daga wuya zuwa sama ne aikin ya tsaya cak. Duk lokacin da yarinyar ta tambaya, amsar ɗaya ce: na'ura ba ta da ƙarfi, fuska kuma tana son ƙarfi. Lubabatu ta ji wannan magana har ta haddace ta.

Yanzu ga ƙarfin ya zo har gida. Ya cire tsohon katin, ya zura sabon har ya ji ya yi ƙas, ya danna memuwar a mazauninta. Ya ɗaure kusoshi a hankali, ya sake kwance ɗaya ya ɗaure, ya goge allon da ba shi da datti. Ya yi fatan a ɗauke wuta, wutar da kullum take tafiya ba sallama, amma yau ta zauna daram.

Wasila ta manne a kafaɗarsa. Lubabatu ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. Ya danna.

Ko gyara zama bai yi ba hoton ya cika allo. Ga zane, ga ƙwarya, ga rana tana sauka a kafaɗa. A saman wuyan kuwa wata fuska ce sumul, mai murmushin da ba na kowa ba.

"Baba, ai wannan matar sabulu ce," in ji Wasila.

Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya ce gwaji ne. Ya faɗaɗa hanci, ya danna, hoto ya dawo nan take. Ya zurfafa ido. Ya sa wushirya, ya cire, don ya kasa tuna ko tata ce ko ta gwaggonsa. Akwai tabo a kuncinta, wannan ya tabbata, amma na dama ne ko na hagu? Kowace fuska tana fitowa kafin ƙiftawar ido, kowace kuma baƙuwa ce. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai yau ya gane cewa na'urar da ya yi shekaru yana zagi asirinsa take rufawa.

"Wace ce ita a ciki?" yarinyar ta tambaya.

Kunya ta rufe shi har ya ji ina ma ƙasa ta tsage. Ya sauke hannu daga tebur, ya sunkuyar da kai.

"Babu ita, Wasila. Na manta fuskar uwata."

Lubabatu ta ƙaraso, ta miƙa hannu ta kashe allon, ba faɗa ba ɗaga murya.

"Na sani, Baban Wasila. Ba don ka gama hoto na sa aka kawo kayan nan ba. Motar Hamdara ba ta tashi ba tukuna, ka kama hannun 'yarka ku je ku gan ta da idonku. Tun ranar da aka binne mahaifinka, Inna take fitowa bakin hanya tana tambayar masu saukowa ko sun gan ka."