Matar da Ta Ƙi Wanke Shuwaka

Dinatu, Afiniki, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kai ma Filibus zauna, ai a kan matarka ake wannan rigima ta wa za ta riƙe tukunyar Kirsimeti. Ku buɗe kunnuwanku da kyau, ba na maimaita magana.

An yi wata mata a wani gari, ita ce uwar zumuntar mata ta ikilisiyarsu. Gwaninta tuwon dawa da miyar kuka, kuma a faɗi gaskiya ta iya. Gidanta yana bayan majami'a, in ta kaɗa miya ranar Lahadi har fasto kan gajarta wa'azi saboda ƙanshin daddawa. Haihuwa ce, rasuwa ce, bikin godiya ne, abin da take kaiwa ke nan. Yadda take da tukunya kuwa haka take da ibada. Benci ɗaya take zama tun tana amarya, waƙa ɗaya take tayarwa, addu'arta ma yara sun haddace, har sukan riga ta kaiwa Amin. A ganinta Ubangiji ya auna duniya ne daidai da faɗin madafinta.

Ana nan sai aka turo wani malamin makaranta daga kudu, da matarsa mai tsohon ciki. Suka kama ɗaki a bayan tasha, unguwar da uwar zumunta ba ta taɓa takawa ba, wai wurin 'yan tasha ne. Baƙuwar ta haihu, ba uwa, ba dangi, ba ta jin Hausa. Da yake mijin yana zuwa majami'arsu, uwar zumunta ta ba shi tuwo da kunun kanwa ya kai mata. Kwano ya dawo yadda ya tafi. Ta ƙara, ya sake dawowa. Ta ce wannan girman kai ne, ta kife kwanonta. Ranar Lahadi mijin ya miƙe a majami'a ya roƙi addu'a: matarsa ba ta iya cin komai, warin daddawa amai yake sa ta, nono ya ƙi zuwa, jariri sai kuka yake yana ramewa. Aka ce uwar zumunta ta ja addu'a. Ta buɗe baki za ta fara irin ta kullum, sai addu'ar ta ƙi fitowa. Da wane ido za ta roƙi Allah ya ciyar da yarinyar, alhali ita ya ba murhu, kuma ita ta kife kwano?

Washegari ta shiga kasuwa, ta nemi rumfar 'yan kudu, ta sayi doya da agushi da manja da busasshen kifi da shuwaka. Mai rumfar ta ce, "Mama, ki murje ganyen nan a ruwa sosai har kumfa ta daina fita." Ta harare ta. "Ni za ki koya wa miya? Tun ba a haifi uwarki ba nake gaban murhu." Wa ya taɓa wanke ganye kamar tsumma ya zubar da amfaninsa? Ta yanka ta zuba yadda yake. Ta daka sakwara, rabi gudaji, ta ɗaura kallabi, ta ɗauki kwanon da ragowar kayan miyar da kanta har bayan tasha.

Mai jego ta buɗe kwano, ta ga miyar garinsu, idonta ya kawo ruwa. Ta kai loma ɗaya, fuskarta ta yamutse kamar ta tauna maɗaci. Sai ta fashe da dariya, tana riƙe ciki, dariyar da ba ta yi ba tun da ta sauka. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta nemi inda za ta tofar ta rasa, ta haɗiye da ƙyar, ita ma dariyar ta ƙwace mata. Yarinyar ta lallaba ta tashi, ta ɗauki ragowar ganyen, ta kama hannun tsohuwar ta tsoma a ruwa tana nuna mata. Uwar zumunta guda, da furfurarta, ta durƙusa tana murzar ganye, sa'ar 'yar cikinta tana gyara mata hannu. Da miya ta biyu ta nuna, baƙuwar ta sunkuyar da kai ta yi addu'a da yarensu. Tsohuwa ba ta tsinci komai a ciki ba sai sunan Yesu, amma ba ta taɓa faɗin Amin mai nauyin ta ranar ba. Mai jego ta ci har da suɗe kwano. Ba a daɗe ba nono ya zo, jariri ya yi kumatu. Uwar zumunta kuwa ta bar bencinta na gaba ta koma baya, inda baƙi ke zama, kuma yara suka daina riga ta Amin, don ba su ƙara sanin inda addu'arta za ta nufa ba.

To, ku biyu kun ce matar ɗan'uwanku ba ta iya tuwonmu ba, saboda haka ba za ta kusanci murhu ba. Wace ce a cikinku ta taɓa tambayarta abin da ake dafawa a gidansu ran Kirsimeti? Babu. Kai kuma Filibus ka naɗe hannu kamar ba naka ba. Ni ba zan yanke muku hukunci ba, kun girma. Ku je ku kira ta, ku zauna ku huɗun ku sasanta wannan magana kafin a yanka akuya. Abu ɗaya kawai zan tuna muku, kuma ba ni na fara faɗa ba: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.